Injin Baba a Tsakiyar Tabarma

Ni mutum ne da ba na iya zama wuri ɗaya. Abin da ya fitar da ni daga makaranta ke nan tun ban yi nisa a sakandare ba. Na koyi gyaran injin ban ruwa a Birnin Kudu, hannuna na faɗawa na buɗe rumfata. Taron da masu sana'armu ke yi duk wata kuwa, wani lokaci a nan wani lokaci a Gwaram, ban damu da zuwa ba. Gani nake zaman shan shayi ne.

Bara da rani injin Babanmu ya daina jan ruwa. Albasa ya shuka a fadamar Kiyako, kuma ita za ta riƙe gidanmu har damina. Injin zai tashi lafiya, ya yi ta ƙara, amma tiyo a bushe. Na kwance shi na ɗaura, na sake kwancewa. Na canza fankar da ke jan ruwan, na canza roba. Ganye ya fara kwanciya, bakinsa ya ƙone. Baba ya koma jido ruwa da bokiti daga wani kududdufi, mutumin da gwiwa ke damunsa. Kullum sai ya ɗauki bokitinsa ya wuce ni. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ranar taro na ɗaure injin a bayan babur na nufi Gwaram. Niyyata in sami aron wani injin in juyo. Na tarar da su a ƙarƙashin darbejiya, an baje tabarmi.

Wani abokina da muka koyi aiki tare ya hango ni, ya ce, "Yau wa ya mutu? Ga mai sauri a taro."

Ko gaisuwa ban gama ba na fara roƙo. Shugaban, wani dattijo mai gilashi, ya ce dokar wurin ɗaya ce: wanda ya kawo inji zai ajiye shi a tsakiya, ya zauna, ya ba da labari daga farko, hannunsa ba zai taɓa sifana ba.

Na ce, "Baba, albasa ce ke mutuwa."

Ya ce, "Mun ji. Zauna."

Na zauna. Suka jawo duro cike da ruwa, suka zura tiyo, suka tayar. Ruwa ya feso har kan tabarma. Da lalacewa ya yi, da na san abin da zan yi. Amma inji lafiyayye, gona tana bushewa, me zan koma in gaya wa Baba?

Abokina ya ce, "Wallahi ka wahalar da bawan Allah. Kullum tiyata, ba ciwo."

Aka yi dariya, ban da ni. Shugaban ya fara tambayata a hankali: yaushe abin ya fara, da safe yana ɗan kawowa ko babu, gonar a gangare take ko a gefen tudu. Na ce gefen tudu.

Wani mutumin Surko ya ajiye kofinsa ya ce, "Ai ruwan ne ya yi ƙasa bana, inji ba ya iya kamo shi daga sama. Watan jiya a nan muka wuni muna maganar. Rami za ka haƙa a bakin bututun da injin ke zuƙo ruwan ƙasa ta cikinsa, iya ƙirjinka, ka sauke injin ciki."

Na miƙe tsaye. Shugaban ya kamo bakin rigata.

"Kai kaɗai za ka haƙa? Ƙasar nan ta yi tauri kamar siminti. Ci abinci. Idan an yi sallah za a bi ka."

Shinkafa da wake ce, ban san yadda na haɗiye ta ba. Bayan azahar abokina da mutumin Surko suka hau babur ɗaya, diga da shebur a tsakaninsu, suka biyo ni. Muka yi ta haƙa har magariba ba mu gama ba. Suka kwana a zaurenmu, da sassafe muka ƙarasa.

Da muka sauke injin na ja igiya, ya yi tari, tiyo ya motsa kamar zai ƙi, sannan ya kumbura. Baba ya ɗauki fartanya ya buɗe hanyar ruwa. Shukokin fangalin can ƙarshe sun riga sun bushe, ko kallonsu bai yi ba. Ya juyar da ruwan kan waɗanda ke da sauran kore, ya ce in je in ɗora wa baƙi shayi.