Yadda Muka Sace Keken Baba Guntu-Guntu

Abin da Inna ta fara sacewa bawul ne, ɗan ƙarfen nan na bakin taya da ake ɗura iska ta cikinsa. Baba ya tafi sallar la'asar, ta tsuguna gaban kekensa ta murɗe shi, tayar baya ta ja dogon tsaki ta kwanta. Ta ƙulle bawul ɗin a bakin zanenta, ta koma kan tsintar shinkafarta. Ni kuwa ina zaune a kan tabarma ina kallo, ƙato mai shekara arba'in da 'ya'ya uku, ban hana ta ba, domin da ni aka ƙulla.

Mako biyu kafin nan Baba ya faɗi a hanyar Yelwa. Yana da wata 'yar gona can bayan unguwar, kuma tun da ya yi ritaya daga ma'aikatar gona kullum bayan asuba sai ya hau keke daga gidanmu na Ɗan Iya ya je ya duba gyaɗarsa. Da rani ma, da babu komai a gonar sai kara, zuwa yake yi ya duba karan. Ranar nan jiri ya ɗebe shi ya zube a gefen titi, wata tirela ta wuce daf da hularsa. Wasu ɗalibai ne suka kawo shi gida a napep, keken a ɗaure a sama. A asibiti likita ya auna shi, ya jawo ni bayan labule ya ce hawan jini ne, jirin zai iya dawowa ba sallama, saboda haka kada ya ƙara hawa keke a titi. Ya ce, "Ka gaya masa." Na ce to.

Ban gaya masa ba. Ni ne ɗan fari, tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai". Ni ma ban taɓa iya haɗa ido da shi ba. Hirarmu mafi tsawo ita ce gaisuwar safe. To da wane baki zan ce masa ya tsufa? Na kai maganar wajen Inna. Ta ce shekara arba'in da ɗoriya ba ta taɓa ce wa Malam "kada" ba, ba kuma yau za ta fara ba. Sannan ta ce, "Amma dai keke in ba iska ai ba ya tafiya."

Keken nan ya girme ni. Baƙi ne, tsohuwar ƙira mai birkin sanda da kariyar ɗaukar kaya a baya. Kowace Asabar Baba kan kifar da shi ƙafafu sama a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ya wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya zuba boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan, a murfin kwano ya goge su ɗaya bayan ɗaya, Inna na miƙa masa sifana. Mu 'ya'yansa in muka yi tari sai ya ce zai wuce. Keken kuwa in ya yi ƙara sau ɗaya, ranar sai an kwantar da shi. Na daɗe ina kishin keken nan, ba zan ɓoye ba.

Abin da muka manta shi ne Baba yana da gwangwanin madara cike da bawul. Kafin a kira magariba taya ta miƙe.

Sai Inna ta ƙara wuta. Bayan kwana uku fedar hagu ta ɓace. Baba ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana duban gurbin, sannan ya fuskanci bango ya ce, "Wannan ɓarawo ya san aikinsa. Fedar hagu a juye ake kwance ta. Wanda bai sani ba sai ya ƙara ɗaure ta yana zaton kwancewa yake."

Inna tana firfita murhu ta ce, "Allah ya shirye shi, Malam."

Ya ce, "Amin."

Wallahi na ga murmushi a gefen bakinta. Shekara arba'in tana miƙa sifana, sai ranar aka yaba mata.

Duk abin da ta cire sai ta naɗe a leda ta ba ni, in kai gidana na Gwallameji in jefa a sito. Na taɓa ce mata in zubar mana a bola. Ta zaro ido ta ce, "Kai, ka ji tsoron Allah. Wannan ajiya ce. In ka zubar ne ya zama sata." Haka aka yi ta yi. Sarƙa ta tafi, kariya ta bi ta, madigadi, ƙafar gaba, bayan wata guda ƙafar baya.

Baba bai zauna ba. Ya sayo kwaɗo ya ɗaure keken a jikin darbejiya, sai aka ɗauke sirdi. Daga ranar ya shiga cire sabon sirdin yana tafiya da shi masallaci a hammata, ya ajiye kusa da takalmansa. Ya barbaɗa toka kewaye da keken don ya ga sawun ɓarawo. Inna ta fito da tsintsiyarta kamar kullum ta share tsakar gida tas, da ya yi magana ta ce ita ba za ta zauna cikin ƙazanta a zo a zage ta ba. Wani abokinsa ya ce masa wannan ba aikin mutum ba ne, ya kawo masa laya aka rataya a kan keken. Bayan kwana biyu aka nemi kan keken, wato mariƙinsa, aka rasa, da layar da komai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dabarar tamu ta juye da mu. Duk abin da aka sace, da ƙafa Baba yake takawa kasuwa cikin rana ya sayo wani. In ya ɗaura kuma sai ya ce kowane gyara sai an gwada, ya hau ya zaga gari. Mutumin da a da sau ɗaya yake hawa titi a rana ya koma hawa sau biyu, wani lokaci uku. Duk sanda wayata ta yi ƙara a ofis sai in ɗauka Baba ne ya faɗi.

Na je wajen mai sayar masa da kayan, wani ɗan Ibo da ya yi shekara talatin a Bauchi, na roƙe shi in Baba ya zo ya ce kaya sun ƙare. Ya dube ni ya girgiza kai. Ya ce, "Oga, ka yi latti. Baba ya ce in ajiye masa komai biyu-biyu. Tsoho ya zo da ƙafa, rana ya yi zafi, ni ba zan ce masa babu ba. Amma wannan ɓarawo na gidanku, ka gaishe shi, yana kawo mini kasuwa."

A wata na bakwai Baba ya yanke shawarar yi wa keken sabon fenti, wai don in an kai shi kasuwa ya gane shi. Ya kwance shi kaf, ya haɗa wani kore da hannunsa wanda ban taɓa ganin irinsa ba, tsakanin ganyen yakuwa da miyar kuka. Ya shafe firam ɗin, wato ƙashin keken da komai yake hawa kansa, ya rataye a reshen darbejiya ya sha iska, ya tafi Juma'a. Inna ta kira ni ta ce, "Kai, zo da mota yanzun nan." Na rasa huɗuba saboda satar ƙarfe. Na cusa firam a kujerar baya da ɗanyen fenti, na tsere kamar an biyo ni.

Na ɗauka an gama. Ranar Asabar Baba ya dawo daga kasuwa da wani tsohon firam a kafaɗa. Ranar Lahadi da yamma ya wuce ta ƙofar gida yana kaɗa ƙararrawa. Inna ta zauna a bakin murhu ta rafka tagumi, ni kuwa na ji kamar in fasa ihu.

Ranar Litinin na ɗauke shi zuwa awon jini. Baba ba ya zama kusa da ni a mota, baya yake shiga. Muna tafe ina kallonsa ta madubi, sai na ga ya sunkuya yana duban kujera. Wani dogon layi kore ne kwance a jikinta. Ya kankare da farce, ya kai hanci ya shinshina. Muka isa aka yi awo. Da muka fito ya ce, "Kai, biya ta gidanka in ga yaran."

Bai ko tambayi yaran ba. Matata ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, ya ce, "'Yata, ba ni makullin sito." Ta miƙa masa da sauri, domin ta daɗe tana mitar tarkacen da na cika mata wuri da su. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya riƙa fito da ledoji yana kwancewa yana jerawa, kowane abu a wurin da yake zama a jikin keke. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, zufa har cikin takalmi. Da ya gama ya ja da baya ya duba. Ya ce, "Saura ƙararrawa da boris ɗin gaba. Ɓarawon bai ƙarasa aikinsa ba."

Kwana biyu yana zuwa gidana da akwatin sifanarsa. Ranar Laraba da la'asar ga keke tsaye a tsakar gidana, kore shar, da layarsa a rataye. Muka yi wata bakwai muna ƙoƙarin raba tsoho da keke ɗaya, muka mayar masa da shi biyu.

Yana tsugune yana juya feda, ya ba ni baya, sai ya ce, "Likitan nan da ya ja ka gefe, muryarsa ba ta da ƙasa. Labule ne kawai a tsakaninmu."

Na ce, "Baba..."

Ya ce, "Wata bakwai ina jira wani ya buɗe baki ya gaya mini. Ba wanda ya iya. To tunda ku ba za ku iya faɗa ba, ni kuma ba zan iya bari ba, ka hau wannan ka riƙa bin bayana. In na faɗi ka ɗauke ni."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa kaina. Na ce to.

Rabona da hawa keke shekara ashirin, ga tumbi na ajiye. Aka kai koren keken Ɗan Iya, kullum bayan asuba in zo in ajiye mota mu kama hanya kafin lokacin ofis. Ranar farko ni na faɗi. Sarƙa ta cafke ƙafar wandona daidai tsakiyar Yelwa, na tafi da kai cikin kwata, masu jiran napep suna ta yi mini sannu suna danne dariya. Tsohon da na zo gadi shi ya juyo ya ɗaga ni, ya ciro abin maƙale shanya daga aljihu ya maƙale mini bakin wando. Ya ce, "In ka gaji ka faɗa, kada ka yi irin halin gidanku."

A hanyar nan wani abu ya faru da ban yi tsammani ba. Shi yana gaba, ni ina baya, babu ido da zai haɗu da ido, sai bakinmu ya buɗe. Ya ba ni labarin yadda ya ɗauko Inna a kariyar keken nan zuwa asibiti ranar da za a haife ni, tayar ta yi faci a hanya, ya ƙarasa da tura su. Na gaya masa abubuwan da ke damuna a wurin aiki, waɗanda ko matata ba ta sani ba. Rabin maganar iska ke kwashewa, sai in yi ta ihun "Na'am?" Duk da haka a damina ɗaya mun yi hirar da ba mu yi ba a shekara arba'in, kuma na ji daɗinta fiye da yadda zan iya faɗa.

Wata safiya bayan an cire gyaɗa, ba mu yi nisa da gida ba, na ga ya matse birki ya sauke ƙafa. Ya kama wani turken wuta ya riƙe. Na yar da kekena na ruga na tare shi. Ya ce, "Ƙasar nan juyawa take." Muka zauna a bakin wani shago har idonsa ya washe. Na ce in tsayar da napep, ya ce a'a. Muka turo kekunanmu a hankali zuwa gida, wannan karon kafaɗa da kafaɗa.

Inna tana shara muka shiga. Ta dube mu ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Baba ya jingine kekensa a darbejiya, ya tsuguna da ƙyar, ya murɗe bawul ɗin tayar baya da hannunsa. Muka tsaya mu uku muna sauraron iskar tana fita har ta ƙare. Ya miƙa mata ya ce, "Ungo. Ki ajiye inda kike ajiyewa."

Ta goge hannu a zane, ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Tana ƙulle shi a bakin zane hawaye na zuba, ta ce, "Ajiya ce, Malam."

Ya ce, "Na sani."

Yanzu ni nake zuwa gonar a kan koren keken. Ranar Asabar har yau Baba kan kifar da nasa ya wanke sarƙa, ko da yake tayar baya a kwance take. In na dawo sai in same shi a ƙarƙashin darbejiya ya ba ƙofa baya. Ba na zagayawa gabansa. A bayansa nake tsayawa in ce, "Baba, na dubo," shi kuma ba tare da ya juyo ba ya ce, "To, ba ni labari."