Ƙwaya Uku a Sahur

Yayana ya girme ni da shekara tara, kuma shi ya riƙe gidanmu bayan rasuwar Baba. Ƙauyenmu yana ƙasar Gwaram, ta wajen Farin Dutse. Yana da 'ya'ya uku ciwon ya same shi. Sai ya yi wata biyu ko uku kwance a ɗaki, fuskarsa ga bango, ba magana, ko tuwo sai Inna ta tsaya a kansa. Daga nan sai abin ya juye, ba barci, ba zama, ya yi ta surutu, ya buɗe rumbu yana rabar da dawa ga duk wanda ya gifta. An yi rubutu, an yi hayaƙi, ba abin da ya canja. Azumi biyu suka wuce bai ɗauka ba, liman ya ce babu laifi, irinsa an ɗauke masa alƙalami. Wannan maganar ta fi ciwon kansa yi masa zafi.

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, ana ta shimfiɗa kwalta, muka ji labarin wani likitan ƙwaƙwalwa da ke zuwa Birnin Kudu daga jami'a sau ɗaya a wata. Bincike yake yi a kan wani magani na masu irin ciwon Yaya. Ni na raka shi, don ni kaɗai na yi boko a gidan, aji bakwai na gama. Likitan mutum ne mai fara'a, Bahaushe, ga son tsokana. Ya ce ciwon ba iska ba ne, zuciya ce ke hawa da sauka fiye da kima, kuma maganin wani irin gishiri ne da ke daidaita ta. Ya miƙo mini kwalbar farar ƙwaya da ƙaramin littafi.

“Ɗan boko, kai ne idona a ƙauye,” in ji shi. “Ɗaya da safe, ɗaya da azahar, ɗaya da dare. Duk wadda ya sha ka ja layi. Ya riƙa shan ruwa sosai. Kada ku ƙara, kada ku rage, sai kun tambaye ni. Wannan maganin, tsakanin amfaninsa da gubarsa tazarar kaɗan ce.”

Cikin wata huɗu Yaya ya dawo mutum. Ya koma gona, ya koma zaman ƙofar gida. Duk wata likita ya ɗebi jininsa, ya duba littafina, ya yaba. Ni kuwa kaina ya kumbura. Har mata suka fara kawo mini yaransu in duba musu ido.

A shekarar azumi ya faɗo cikin damina, lokacin aikin gona. Ana saura kwana uku a ga wata, Yaya ya same ni a zaure bayan la'asar.

“Auta, bana zan yi azumi.”

“To maganin azahar fa, Yaya?”

“Kai za ka gaya mini, ai kai ne likitan gidan. In aka gan ni ina shan ruwa da rana, me za a ce? Har yanzu mahaukacin yana nan. Yarana ma za su ɗauka, ni ina zaune da moɗa a hannu?”

Zuwan likita saura mako biyu. Da na ce masa ban sani ba, mu jira, da shi ke nan. Amma ban iya faɗin ban sani ba. Ni ma ina so gari ya ga ya warke, a ce ta hannuna ne. Sai na ce ya haɗa ukun ya sha gaba ɗaya a sahur, su yi ta aiki duk yini.

“Likita ne ya ce haka?”

“Shi ya ce,” na amsa, ban ko ƙifta ido ba.

Kwana biyar da fara azumi na lura hannunsa yana rawa da ya ɗauki kofin kunu. Na ce wa kaina wahalar azumi ce, mutum yana noma cikin rana yana zuba gumi. Kwana bakwai sai gudawa. Kwana tara na ji harshensa ya yi nauyi, maganarsa tana jan ƙafa. Tsoro ya kama ni, amma tsoron ya kai ni ga wauta mafi girma: na ɗauka tsohon ciwon ne zai dawo, sai na ƙara masa ƙwaya ɗaya a buɗa baki. Littafin kuwa kullum ina jan layi uku, safe, azahar, dare, tsaf.

Ranar goma sha ɗaya muna gona da hantsi, na ɗago kai na ga yana tafiya tsakanin kunyoyi kamar wanda ƙasa ke gudu a ƙarƙashinsa. Ya saki fartanya, ya durƙusa, ya yi amai, sannan ya kife. Da na juyo shi, naman fuskarsa yana tsalle shi kaɗai, idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba. Na kira shi ya fi sau goma. Ban taɓa jin sanyi irin na ranar ba, alhali rana tana dukana.

Aka ɗauko shi a amalanke. Maƙwabta suka cika gida, kowa da tasa. Wani ya ce iskar ce ta dawo da fushi, wani ya ce dama maganin asibiti haka yake, ya kwantar da kai yau ya kashe ka gobe. Inna tana zaune a bakin ƙofa tana jan carbi, sai da kowa ya yi shiru ta dube ni.

“Kai ka san takardunsu. Me ya sami yayanka?”

“Ban sani ba, Inna.”

A ranar na iya faɗin kalmar, a inda take ƙarya.

Washegari ce ranar zuwan likita. Muka tari motar katako a bakin titi, muka shimfiɗa shi a kan buhuna, kansa a cinyata. Duk ramin da motar ta faɗa sai in sa yatsa a hancinsa in ji ko yana numfashi. Ina ta lissafin yadda zan tsaya a jana'izarsa, mutane suna ba ni hannu suna yi mini gaisuwa, ni na san abin da na sani.

Likita yana ganinsa fara'ar ta ɗauke. Ya ɗaga masa hannu, ya leƙa idonsa, ya ce a kawo ƙarin ruwa maza. Sannan ya karɓi littafina ya buɗe a tsaye.

“Haka ya sha? Ba ƙari, ba ragi?”

“Haka ne, ranka ya daɗe.”

“To in haka ne, ban san abin da nake yi ba, kuma yau zan karɓe maganin daga hannun duk waɗanda na ba. Jininsa sai an kai Kano an dawo, shi kuma ba zai jira ba.” Ya sake duba shafin, ya ɗora yatsa a layin tsakiya. “Leɓensa a bushe yake kamar na mai azumi. Wannan ta azahar, da me ya haɗiye ta?”

Na tsuguna a gaban nas-nas da marasa lafiya na faɗi komai, har da ƙwaya ta huɗu. Na jira mari. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, “Da ka ƙara kwana ɗaya da bakinka a rufe, da gawa za ka koma da ita gida,” ya juya yana ba da umarni.

Wajen azahar Yaya ya ɗan farfaɗo. Likita ya ce ruwan jijiya kaɗai bai isa ba, sai ya sha da baki, da yawa, don gubar ta fita. Nas ta kawo kofi, Yaya ya dubi hasken taga ya datse haƙora. Likita ya ce masa shi ma yana azumi, kuma ya san mara lafiya an yi masa rangwame. Yaya ya girgiza kai, ya dubi likita, da ƙyar maganar ta fito.

“Ai kai... ka ce... in yi.”

Likita ya dube ni, ya miƙo mini kofin.

Na durƙusa a gefen gadon. “Yaya, bai ce ba. Ban tambaye shi ba. Ni na ƙirƙira, ni na sa ka a wannan halin. Don Allah ka sha.”

Ya daɗe yana kallona. Na kai masa kofin bakinsa. Sannan ya buɗe baki.

Ya yi kwana goma sha shida a asibiti. Kafin a sallame mu likita ya zaunar da ni ya yi mini tambayoyi dalla-dalla, ƙarfe nawa, ƙwaya nawa, aikin me yake yi a gona. Ya ce zai rubuta don sauran likitoci, ba suna. Daga baya na ji ana cewa duk wanda ya koya a hannunsa ba ya ba da wannan magani sai ya zauna da mara lafiya da danginsa a kan maganar azumi tun watan bai kama ba.

Yaya ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, ya aurar da 'ya'yansa, hankalinsa kalau. Amma tafiyarsa ba ta sake miƙewa ba, sai da sanda, kuma harshensa ya zauna da nauyi har ya koma ga Allah. Bai taɓa faɗa wa Inna ba, bai taɓa tayar mini da maganar ba. Na nemi gafararsa sau uku, duk lokacin sai ya ce, “Auta, miƙo mini sandata,” ya tashi ya fita.