Ƙugiyar da Malam Ya Ce a Jefar

Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina aji uku a jami'a, a sashen da ake koyon halin ƙarfe da sauran kayan da ake ƙera abubuwa da su. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Kusada, ta wajen Kaikai, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya taɓa taka jami'a. Mahaifina ya rasu tun ina rarrafe, ƙanensa ne ya riƙe ni, Baffana ke nan, manomi da damina, mai yasar rijiya da rani. In na zo hutu, tun daga bakin hanya ake kirana Injiniya, ni kuwa kaina ya kumbura har ban iya gaida tsohon maƙerin garinmu da kyau, don a ganina aikinsa na jahilci ne. Ba zan ambaci sunan kowa ba, haka ma makarantar, domin laifin da zan faɗa nawa ne ni kaɗai, kuma na gaji da ɗaukarsa a ciki.

A cikin malamanmu akwai wani dattijo siriri mai koyar da mu narka ƙarfe da zuba shi a mazubin yashi. Kunnensa na hagu ya mutu, kuma kullum da wata 'yar guduma a aljihun rigarsa, kanta bai wuce babban yatsa ba. Duk abin da ɗalibi ya zuba, sai ya rataye shi da zare, ya ƙwanƙwasa sau uku, ya kara lafiyayyen kunnen, ya rufe ido. Ya kan ce lafiyayyen ƙarfe in an taɓa shi kuka yake ya daɗe yana amsawa, mai ciwo a ciki kuwa sau ɗaya yake cewa dum, ya yi shiru. Mu dai dariya muke mashi a bayan ido. Wasu na cewa aljanu gare shi, da su yake shawara, don ga na'urori a ɗakin gwaji amma shi sai guduma. Abin da ke sa mu tsarguwa shi ne, duk ƙarfen da ya ce akwai rami a cikinsa, in an yanka sai a tarar da ramin, a daidai inda ya ɗora yatsa.

Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai zuba a matsayin aikin ƙarshen zango, sai na zaɓi ƙugiya, irin wadda ake ratayawa a gungumen da ke gicciye bisa bakin rijiya, a sarƙafa gargaren da igiya ke bi. Rijiyar unguwarmu nake tunani, wadda ƙugiyarta tsohuwa ce, baƙa, karkatacciya, aikin maƙerin nan. Tun ranar farko Malam ya ce mani ƙugiyar da za ta ɗauki nauyi ƙera ta ake da wuta da duka, ba zuba ta ake ba, amma tunda koyo ne in yi, muddin ba za ta bar ɗakin ba. Na yi mako biyu ina fama, ta fito sumul, abokaina suna ta yabo. Malam ya zo ya rataye ta, ya buga sau uku. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ɗora yatsa a daidai lanƙwasar, ya ce nan akwai rami, kuma wannan abu ranarsa kawai yake jira. A gaban kowa ya ce in jefa ta a duron tarkace, in sake aikin a zango mai zuwa.

Kai, ranar na ji zafin da ban taɓa ji ba! Na ce a raina tsohon nan hassada yake mani, kurma ne ma, me zai ji? Na jefa ta yana kallo, amma da aka tashi cin abincin rana na zagayo na ciro ta, na cusa a jaka. Na goge ta da magagari, na shafe ta da jan fenti, da hutu ya zo na kai ta gida. Na gaya wa Baffa cewa ita ce ta zo ta ɗaya a ajinmu. Allah Sarki, mutumin nan har da hawaye. Ya tara dattawan unguwa, aka cire tsohuwar aka rataya tawa, liman ya yi mani addu'a, mata suka yi guɗa. Maƙerin ya zo shi ma, ya ɗaga kai ya daɗe yana dubanta, ya tambaye ni ko ƙira ce ko zubi. Na ce mashi wannan ilimin zamani ne, ba zai gane ba. Sai ya ɗauki tsohuwar ƙugiyarsa ya tafi da ita.

Ta yi shekara guda tana aiki lafiya, don guga ba wani nauyi ne da shi ba, ni kuma na ƙara tabbatar wa kaina cewa Malam zalunci ya yi mani. Sai wata rana da hantsi, ina hutu, ina tsaye kusa da rijiyar mata suna jan ruwa, wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Muryar Malam ce, ta dusashe. Ban taɓa ba shi lambata ba, kuma har yau ban san inda ya samo ta ba. Ko gaisuwata bai bari na ƙarasa ba, ya ce ya zazzage duron tarkacen nan da hannunsa, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ƙugiyata ba ta ciki. Na rantse mashi da Allah cewa tuni aka narkar da ita. Can sai ya tambaye ni, wane ƙarfe ne yake ji yana ƙara a bayana? Jama'a, mutumin da kunnensa ɗaya ya mutu, a waya, daga gari mai nisa. Na kashe wayar, na daɗe ina kallon igiyar tana hawa tana sauka.

Ya sake kira sau biyu a cikin makon, ban ɗauka ba. Da muka koma makaranta sai na tarar da labarin rasuwarsa, ashe lokacin da yake kirana ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. Na yi mashi addu'a a baki, amma ba zan ɓoye ba, a can ƙasan zuciyata wani sauƙi na ji, na ce shi ke nan mai tambaya ya tafi. Bayan kwana biyu, ma'aikacin da ke kula da ɗakin narka ƙarfe ya tare ni a ƙofa ya miƙo mani wani abu a naɗe cikin tsumma. 'Yar gudumar ce. Ya ce Malam ya bar wasiyya a ba ɗalibin nan na Kusada, wai ya san abin da zai ƙwanƙwasa da ita. Ma'aikacin ya tambaye ni ma'anar maganar, na ce ni ma ban gane ba. Na karɓa na jefa ta a aljihu.

Da na koma gida a hutun rani, na jira har rana ta take, lokacin da kowa ya shige inuwa, na je rijiyar ni kaɗai. Na taka bakinta na miƙa hannu na ƙwanƙwasa. Dum, sai shiru. Na sake, na sake, duk ɗaya. Sautin ya gangara cikin rijiyar ya dawo mani, kamar wani ne a ƙasa yake amsawa. A nan ne na san Malam gaskiya ya faɗa, sani na haƙiƙa, babu sauran kokwanto. To ga inda na kashe kaina: na sani, amma ban cire ta ba. Na yi ta tunanin me zan ce wa Baffa, wanda duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya ga aikin ɗansa. Me zan ce wa liman? Da wane ido zan je wurin maƙerin da na ci wa fuska in roƙi tsohuwar ƙugiyarsa? Na ce bari in samo wata a birni mai kama da ita, in yi mata jan fenti, in musanya ba wanda ya sani.

A kwanakin ruwan rijiyar ya ja baya, ya fara zuwa da laka. Baffa ya ce mani bayan mako biyu za su yi yasa, wato a zura mutum ƙasa da igiya ya kwashe taɓo da tarkace. A da can, majiya ƙarfi ke riƙe igiyar su zura shi ta kan gungume, amma ya ce bana da ƙugiyar Injiniya zai sauka, kowa ya gani. Ina zaune gabansa, gudumar tana cikin aljihuna, saura kaɗan in gaya mashi gaskiya. Sai na ce mashi kawai ya jira ni, kada a fara sai ina nan. Ya yi dariya ya ce to, ai dole mai aiki ya ga aikinsa. Tun daga ranar sautin nan ya hana ni sakat. In mata na daka, a ƙarƙashin ƙarar taɓarya ina jin sa. In an rufe ƙyaure ina jin sa. Har a cikin sallah, in na kai goshina ƙasa, sai in ji dum a cikin kaina.

Kwana huɗu bayan haka na hau mota zuwa Kankia neman ƙugiya a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Ban san cewa a safiyar nan ruwan ya ƙafe sarai ba, mata suka yi ta ƙorafi, dattawa suka ce a yi yasar yau. An ce Baffa ya so a jira ni, aka rinjaye shi. Ni kuwa ina durƙushe a kasuwa wajen azahar, ina juya wata ƙugiya a hannu, ga hayaniya ta ko'ina, sai na ji komai ya ɗauke kamar an toshe mani kunne. A cikin shirun nan na ji dum, sau ɗaya, a kunnena na hagu. Wallahi na ji shi kamar yadda nake jin muryar mutum. Mai kayan yana tambayata ko lafiya, ni kuwa na riga na ciro waya ina kallonta, don na san za ta yi ƙara. Ta kuwa yi.

Ashe sun zura Baffa lafiya, ya yi aikinsa. Wajen fito da shi ne, yana rungume da bokitin taɓo na ƙarshe, ya kusa rabin hanya, ƙugiyar ta ɓalle. Allah Ya yi da sauran kwanansa, amma bayansa ya taɓu, kuma tun daga ranar Baffa bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba. Washegari maƙerin ya same ni a bayan gida, ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mani gutsuren ƙugiyar biyu. A daidai lanƙwasar, inda Malam ya ɗora yatsa, ga wani baƙin rami nan kamar ƙwallon dabino. Ya dube ni, ya zuba mani su a hannu, ya juya. Bai gaya wa kowa ba har yau, kuma da ya zage ni a tsakiyar kasuwa da ya fi mani sauƙi.

Yanzu na gama karatu, ina aiki, ina kuma kula da gidan Baffa, mutane suna ta sa mani albarka wai ɗa na gari. Shi kuwa duk wanda ya nemi ya ɗora laifi a kan ƙugiyar sai ya hau shi da faɗa, ya ce ƙaddara ce, kuma su ne suka yi gaggawa, ai yaron ya ce a jira shi. Abin da na koya, ina kuma roƙon ɗalibai 'yan'uwana su ji, shi ne malamin da ya kayar da kai a kan aiki ba lallai maƙiyinka ba ne, wataƙila ran wani yake karewa, wanda kai kanka ba za ka iya rayuwa ba tare da shi ba. Kuma in ka gano kuskurenka, ka faɗa a ranar, da bakinka, ko da za a yi maka dariya gari guda. Kunyar da na guje wa ta yini ɗaya ce, abin da na saya da ita kuwa ba ya ƙarewa.

Watan jiya Baffa ya kira ni, ya kama hannuna, ya ce yana so in yi mashi wani ƙarfe a bango da zai riƙa kamawa yana ɗaga jikinsa, amma in yi shi da kaina, da irin aikin nan nawa mai kyau, don shi bai yarda da na kowa ba. Na ce to, na fita na yi kuka a zaure. Daga nan na tafi maƙera, na cire takalmi, na durƙusa na gaida tsohon nan yadda ya kamata in yi tun farko, na roƙe shi ya ƙera. Da ya gama, na ciro gudumar Malam na ƙwanƙwasa sau uku, ƙarfen ya yi ta amsawa. Baffa yana kama shi kullum da safe, yana gaya wa masu zuwa dubiya cewa aikin Injiniya ne, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa, har yau ban iya buɗe baki na gaya mashi ba.