Sista Ann, Mai Tambayar Fitsari

Sista Ann 'yar Zonkwa ce, shekararta ashirin da biyu a Inugu, nas a wani ƙaramin asibiti da ke Ogui. Ɗakinta na jikin nawa. Gajeriya ce, shi ya sa nake ce mata Doguwa, ita kuma ta ce min Gidan Rediyo. Ba ta iya tuwo ba, wannan ko a gabanta zan faɗa. Amma iya tambaya, Allah ya ba ta.

Bara Firdausi, 'yar farin Fatsuma matar Maikuɗi mahauci da muke gida ɗaya, ta yi sati biyu zazzaɓi na kayar da ita. An sha maganin maleriya har sau biyu, yarinya sai ramewa take. Na raka su asibitin su Sista. Likita ya tambayi Fatsuma yaushe ciwon ya fara, ko yarinyar na yawan fitsari. Fatsuma ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta sani ba. Mu mun san kunyar 'yar fari ce, ko sunanta ba ta kamawa. Shi kuwa Ibo ne, ya zaci sakaci ne. Ya ce, "Madam, no be your pikin?" Wai ba 'yarta ba ce? Ya ja biro zai ƙara rubuta na maleriya.

Sista ta roƙe shi ya dakata, ta juyo gare ni.

"Lami, ke da ƙofarki ke kallon bayi, sau nawa yarinyar nan ke ɗaukar buta?"

"Au, ni ce mai gadin bayin?"

"Sau nawa?"

"Jiya tara. Kuma ba ta daɗewa, ta fito tana cije baki."

Ta koma kan Fatsuma, ba ta ko ambaci 'yar ba. "Maman Auta, in kina wankin gidanki, akwai zanen da warinsa ya sake?"

Fatsuma ta ce akwai.

"Da jini?"

Ta girgiza kai.

Sai ta kore mu, ta rufe ƙofa daga ita sai Firdausi. Ni kuwa na manna kunne. Na ji tana tambaya a hankali: akwai zafi in kina yi? Mara ke ciwo ko har baya? Bayan gida na miki wuya? A makaranta riƙewa kike? Kafin yarinya ta amsa, Doguwa ta ja ƙofar, saura kaɗan in ci da baki.

"Gidan Rediyo, koma benci."

Aka auna fitsari, ashe ciwon mafitsara ne, likita ya ce an yi sa'a bai hau ƙoda ba. Kwana biyar da fara magani Firdausi ta koma makaranta.

Abin da yarinyar ta faɗa a ɗakin nan kuwa, don in ji shi na kai wa Sista dambun nama, na yi mata kitso kyauta har sau uku. Ta cinye dambun ta ce ya yi gishiri.