Sharar da na yi wa ma'ajiyar Ɗan'aike

Akwai ranar da ko na so in manta da ita ba za a bar ni ba, don haka gara ku sabbin zuwa ku ji daga bakina kafin a ƙara mata gishiri a wurin mai shayi. Wawan labarin ni ne, Malam Sule Sito, da furfurata da hular dara.

Na yi aikin sito a sashen noma na ƙaramar hukuma har na yi ritaya. Bokona aji bakwai ne na firamare, sai wani kwas a Katsina wanda har yau nake jingina da takardarsa. Abin da na iya a duniya shi ne zaman kaya. Doka ta farko da aka koya mana ita ce, buhun da ya daɗe bai motsa ba, fitar da shi kafin ƙwari su tashi daga jikinsa su ci sabo. Da wannan doka na ci abinci, da ita na aurar da ɗiyana, kuma ita ce ta kusa kashe ni da kunya.

Wannan ofis namu na Kankiya na ƙungiyar malaman kwamfuta ne na Kankiya da Kusada. Wadda ta kawo ni ita ce Injiniya Rabi, ɗiyar Hansai ta Mawashi. Hansai kuwa ɗiyar gwaggona ce, taubashiyata, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Rabi ta ce da ina zaune a dakali ina gyara wa gwamnati kuskure, gara in zo in riƙa buɗe ofis, in kula da batir da sola, in tari baƙi. Na ce ta kira ni manaja. Ta ce to, Kawu, manaja.

Ga wanda bai sani ba, aikin ofishin nan ɗaya ne, kula da Ɗan'aike. Manhaja ce da Rabi ta rubuta. A da, malami a Kunduru ko Dudunni in yana son ya girka wa yara manhajar koyon rubutu ko lissafi, sai ya yini yana fama da intanet, ya sauko da ita, ta ce ba ta aiki sai da wata, waccan ma ta ce sai da wata. Ɗan'aike ya raba wannan gardama. Ka faɗa mashi abin da kake so, ya zo ma'ajiyarmu, wato waccan baƙar kwamfuta da ke lungu, ya ɗauko abin tare da duk 'yan rakiyarsa, ya jera su yadda ya kamata. Kowane kaya a ciki ana ce mashi ƙunshi. In an gyara ƙunshi, Rabi ta gwada, ta sa hannunta na sirri, sannan ta saki. Wannan bayani yanzu nake iya yinsa tiryan-tiryan. A lokacin abin da na fahimta kawai shi ne akwai ma'ajiya, akwai kaya, ni kuma tsohon ma'aji ne.

Da damina ta bara waccan Rabi ta tafi gida Mawashi haihuwar fari. Kafin tafiyarta an yi zama mai zafi. Shugaban kwamitin ƙungiyar, Alhaji Lawal, ya daɗe yana cewa aikin da makarantu suka dogara da shi bai kamata a bar shi a hannun mace ɗaya ba, yau ciki gobe goyo. Yana so a miƙa wa wani kamfani a Kano. Rabi ta ce ta tsara komai yadda zai tafi da kansa har ta gama wanka, in abin ya tsaya a bayanta, su karɓe aikin ba za ta yi musu ba. Alhaji ya ce kowa ya ji. Kowa ya ji, har da ni da nake zuba masu ruwa.

Ta bar mani aiki uku. In tabbata kwamfutar ba ta mutu ba. Ranar Juma'a in jona wani ɗan akwati in danna wuri ɗaya, ya kwafi duk abin da ke ma'ajiya don ajiya. Na uku, in na ga wani jan rubutu ya fito, kada in taɓa komai, in kira ta. Don aikin kwafin nan ne ta ba ni kalmar shiga, tana ba ni tana kallona kamar mai ba yaro wuƙa.

Wata Laraba da hantsi jan rubutun ya fito. Na sa tabarau na karanta, Turancina ya kai ni inda na gane wuri ne ya kusa cika. Na ɗauki waya na ajiye. Yarinyar nan ta haihu, ko suna ba a yi ba, namiji kamata, kawunta, ya kira maijego yana mata zancen inji? Wannan dalilin nake ba mutane. Dalili na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne raina ya ce mani, Sule, sito ya cika kuma kai za ka nemi shawarar yarinyar da aka haifa kana da mata da yara?

Na taɓa ganin yadda take jera kaya bisa tsufansu. Na jera. Can ƙasa na tarar da wasu 'yan ƙananan ƙunshi da ba a taɓa ba tun shekarar da aka kafa ofis. Har tsaki na yi, na ce yaran zamani ba su iya adana ba. Na share su. Jan rubutun bai tafi ba, don ashe ba su da wani nauyi, sai na ƙara gaba kaɗan har ya tafi. Daga nan ƙwazo ya ɗebe ni, na ce me zai sa in jira Juma'a, na jona akwatin ajiya na kwafi ma'ajiyar da na share a kan tsohon kwafin. Na wanke hannu na aika aka sawo mani fura.

Washegari Malam Nura, mai cibiyar koyon kwamfuta ta Kusada, ya goge injinansa duka don ya sake girka su sabo fil. Ranar Asabar yara daga ƙauyuka za su zo jarrabawar gwaji, irin wadda ake yi a kwamfuta, iyaye sun shirya, an yi wa masu motoci magana. Ya aiki Ɗan'aike, Ɗan'aike ya dawo hannu wofi. Kowace manhaja ya nema sai a ce wani abu da take bukata babu shi. Daga cikin abin da na share akwai wani ɗan ƙunshi da Rabi ta fara rubutawa, aikinsa in intanet ta yanke ana tsakar sauke kaya, ya ci gaba daga inda aka tsaya. Kusan komai a ma'ajiyar ya rataya a wuyansa. Ba a taɓa shi ba tsawon shekarun nan don bai taɓa ɓaci ba.

Bayan azahar sai ga Malam Nura da Alhaji Lawal a ofis. Alhaji ko zama bai yi ba ya fara, ai ya faɗa, ai ga shi tun ba a je ko'ina ba gini ya zube, gobe zai kira mutanen Kano. Ni kuwa zuciyata ta tashi don kare ɗiyar 'yar'uwata. Na gyara hula na ce, "Ranka ya daɗe, ba dai daga injin nan ba. Jiya-jiyan nan na yi mashi shara da hannuna, duk tsofaffin kayan na fitar, har na kwafe."

Malam Nura ya zauna a kan benci a hankali ya dafe kai. Ya tambaye ni, da ladabi, waɗanne tsofaffin kaya. Na nuna mashi da alfahari. Ya tambayi akwatin ajiya. Na ce shi ma tsaf yake. Ya yi salati ƙasa-ƙasa, a nan na gane sharar tawa ce ta jawo ɓarnar.

Alhaji bai tausaya ba. Ya ce ko wa ya yi, wadda ta ba tsoho mabuɗi ita ce da laifi, kuma magana tana nan, in Asabar ta yi yara ba su zauna ba, aiki ya bar hannun Rabi.

Da safiyar Juma'a Malam Nura ya goya ni a babur muka nufi Mawashi, ga caɓi ga gero ya rufe hanya, ina riƙe da hulata da hannu ɗaya. Muka yi sallama aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Hansai ta leƙo ta ce lale da manaja, an zo ganin jika hannu rabbana? Ban iya ramawa ba, abin da bai taɓa faruwa ba, nan ta gane da magana. Malam Nura ya yi bayani, ni ina ƙirga tururuwa.

Hansai ta ce babu inda za a kai wannan zance. Yarinya yanzu ta fito daga ruwan zafi, jikinta ɗanye, ko kunun kanwa ba ta gama sha ba, ba za ta ɗauki wani inji ta ɗora a cinya ba. Muna cikin haka muka ji muryar Rabi daga tsakar gida tana cewa Inna ta miƙo mata jakarta. Ta ji komai ta katanga.

Haka aka yini. Mu ba mu shiga ba, ita ba ta fito ba. Asalin ƙunshin suna cikin kwamfutarta ta hannu, amma sai ta sake haɗa kowanne, ta gwada, ta sa hannu. Ba ta san iyakar ɓarnar ba, don haka Hansai ce ke zirga-zirga, ta zo ta ce wai an ce ka tuna har ina ka share, in faɗa, ta koma, ta dawo da wata tambayar da harara. Jariri ya yi kuka, a tsaya. Caji ya ƙare, Malam Nura ya ruga wurin mai cajin waya. Muka je masallaci muka dawo ana nan. An kawo mana tuwo da miyar kuka, na kasa kai loma.

Wajen la'asar Hansai ta fito da ɗan filashin kwamfuta da Rabi ta kwafe kayan a ciki, ƙulle a bakin zane. Na jira saƙon faɗa, har na shirya wuyana. Abin da Rabi ta aiko kawai shi ne a gaishe da Kawu, a ce ya yi a hankali a kan babur hanya ba kyau. Da ta zage ni da na fi samun barci.

Malam Nura ya mayar da kayan kafin magariba, ya wuce Kusada. Asabar yara suka zauna jarrabawarsu. Alhaji Lawal bai kira Kano ba, bai kuma yaba ba, abin da ya ce shi ne a ƙwace kalmar shiga daga hannuna, aka ƙwace, ban ɗaukaka ƙara ba. Da Rabi ta dawo aiki ta ce rabin laifin na Ɗan'aike ne da ya bari a share abin da wasu ke rataye da shi bai ce uffan ba. Ta gyara shi, ta gyara kwafin ma yadda sabo ba ya cinye tsoho. Tambayar nan da ke fito maku yanzu in za ku cire wani abu, mai cewa akwai masu dogaro da wannan, ka tabbata, wadda kuke kira tambayar Baba Sule kuna zaton ban ji ba, asalinta ke nan. Abin da na koya a sana'ar nan shi ne, kayan da ba a jin ɗuriyarsu sau da yawa su ke ɗauke da sauran, kuma masu aikin ba su tsaya neman wa ya yi, sai su toshe inda aka bi aka yi.

Amma ban koya a ranar ba, sai da aka ƙara mani. Ranar suna na koma Mawashi da babbar riga. Bayan an raɗa suna an raba goro, muna zaune ƙofar gida, wani ya tsokano zancen, na ga jama'a sun taru sai bakina ya dawo. Na ce a yi adalci, a ƙa'idar sito ta Bature abin da na yi daidai ne. Duk abin da ya tsufa, ya daɗe a lungu, ba a ga aikin da yake yi ba, fitar da shi ake yi a samu wuri. Har wasu sun fara gyaɗa kai.

Ashe Hansai na bakin zaure da ƙwaryar fura. Ta dire ta a gabana ta ce, "To Allah ya sa Rabi ba ta ji wannan ƙa'ida ba, Sule. In ta fara aiki da ita a ofishin nan, wa kake gani za a fara fitarwa?"