Daddawar da Aka Hana Baba

A wani shago na garin Mito a ƙasar Japan, ban da mai shagon, babu wanda ya lura cewa hannun wata tsohuwa yana kaiwa kan natto, daddawar waken soya, yana janyewa. Baƙar rigarta sabuwa ce.

"Iya Kuwabara, a kul!" in ji mai shagon cikin raha. "Nas ta ce natto yana kashe ƙarfin maganin tsinka jinin Baba. So kike ta zare mana ido?"

"Da ya faɗi, na danna ƙirjinsa yadda ta koya mini," in ji ta a hankali. "Bai tashi ba."

Mai shagon ya sunkuyar da kai.

Wataƙila shekara da shekaru tana hana mijinta abin da ya fi so. Yau ta ɗauki ƙunshi ɗaya don ajiyewa a gaban hoton marigayin bisa al'adarsu, ta shiga layi.