Tsohon da Ke Juya wa Tele Baya

Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba, jiya na tsoma baki cikin gardamar jikokina: kamfani guda ke yin finafinan yaran nan, me ya sa wani ke cin kasuwa, wani ya faɗi? Sai na tuna tsohon nan mai gidan kallo a unguwarmu, nan garin Tawa. Baya yake juya wa tele, yana taunar goro, idonsa na ƙofa. Yakan ce in babban da ya zo kiran yaro ya zauna, to fim ɗin zai ci kasuwa, tukunyar mai gidan kallo ta hau wuta.

Wata rana na shiga da tsumagiya neman ɗana, ya bar tumaki ba ruwa. Fim na ƙarewa na tsinci kaina kan benci, baki sake.

Allah ya haskaka kabarin tsohon nan. Har yau ina tuna tambayar da ya yi mini ran nan: "To, Malam, kai kuma wa za a aiko shi tai da kai gida?"